Daga Dandamali Zuwa Majigi: Nazari a Kan Yadda Aka Mayar da Wasan Pygmalion Fim Mai Waƙoƙi

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin wasan kwaikwayo sun daɗe suna gardama a kan abin da ke samun wasa idan aka ɗauke shi daga dandamali aka kai shi gidan silima. Gardamar takan ƙara zafi idan wasan na raha ne wanda ya riga ya yi suna, sa'an nan aka ɗora masa waƙoƙi da raye-raye waɗanda mawallafinsa bai san da su ba. A cikin wannan takarda za mu ɗauki misali guda ɗaya mu feɗe shi, watau wasan Pygmalion na George Bernard Shaw, da fim ɗin My Fair Lady na shekarar 1964 wanda aka gina a kansa.

Dalilai biyu suka sa muka zaɓi wannan misali. Na farko, masu fim ɗin sun riƙe kaso mai yawa na maganganun Shaw kamar yadda ya rubuta su. Saboda haka duk inda muka ga ma'ana ta sauya, ba mu da damar ɗora laifin a kan sakaci, tilas mu nemi dalilin a cikin yanayin waƙa da na majigi su kansu. Na biyu, jigon wasan ya shafi harshe da matsayin mutum a cikin jama'a, wanda kuwa batu ne da kowane malamin harshe yake cin karo da shi. Ra'ayin da za mu kare shi ne, fim ɗin ya fi wasan iya nuna wahalar koyo da kaɗaicin wadda aka koya wa, amma ya sassauta babbar tambayar da Shaw ya gina wasansa a kanta, har ya ba ta amsar da shi Shaw ya yi shekaru yana ƙi.

2.0 Wasan da Mawallafinsa

An haifi Shaw a Dablin ta ƙasar Ayalan a 1856, ya mutu a 1950. Ya rubuta Pygmalion a 1912. An fara nuna shi cikin Jamusanci a Biyana a watan Oktoba na 1913, sa'an nan aka nuna shi a Landan a watan Afrilu na 1914, inda Mrs Patrick Campbell ta fito a matsayin Eliza, Herbert Beerbohm Tree kuma ya fito a matsayin Higgins. Sunan wasan ya samo asali daga wata tatsuniyar Girkawa da mawaƙin Rumawa Ovid ya bayar, ta wani masassaƙi na tsibirin Kubrus wanda ya sassaƙa siffar mace da hauren giwa, ya kamu da sonta, har aka busa mata rai ta zama matarsa. Duk wanda ya san tatsuniyar zai shiga gidan wasa yana jiran aure. Shaw ya san da haka, ya kuma yi amfani da wannan tsammani domin ya karya shi.

Wasan yana da kashi biyar. Henry Higgins masanin furuci ne mai alfahari da cewa yana iya gane unguwar da mutum ya fito daga yadda yake magana. Wani dare ana ruwan sama ya haɗu da Eliza Doolittle, yarinya mai tallar furanni a kasuwar Covent Garden, wadda ke magana da karin harshen talakawan Landan. Ya yi caca da abokinsa Kanar Pickering cewa cikin wata shida zai gyara mata baki har a ɗauke ta 'yar sarauta. Ya ci cacar. Sai dai a daren nasarar, malaman biyu suka zauna suna taya juna murna ba wanda ya ce mata sannu. A nan Eliza ta yi tambayar da ita ce zuciyar wasan, watau mene ne makomarta. Ba ta iya komawa talla, ba ta da kuɗin zama irin na manyan mata, abin da ya rage mata a kasuwa shi ne aure, ita kuwa tana ganin wannan sayar da kai ne, abin da ba ta taɓa yi ba ko lokacin da take tallar furanni.

Idan muka lura, rahar Shaw raha ce ta muhawara. Mutane suna zaune a ɗaki suna musayar hujja, dariya kuma tana fitowa daga inda hujjar talaka ta kayar da ta mai ilimi. Don haka ne ya ɓoye abubuwan kallo. A wasan 1914 ba a nuna darussan furuci ba, ba a kuma nuna taron manya inda aka jarraba Eliza ba, sai dai mu ji labarinsa bayan an dawo gida. Abin da ya dami Shaw shi ne sakamakon gwajin, shi ya sa ya ware kashi na huɗu da na biyar duka domin a yi lissafinsa.

3.0 Hanyar da Wasan ya Bi Kafin 1964

Tun daga farko masu nuna wasan suka fara ja da mawallafinsa. Tree ya ƙirƙiro wata dabara a ƙarshen wasan, inda yakan jefa wa Eliza furanni kafin a sauke labule, domin 'yan kallo su tafi gida da tunanin soyayya. Shaw ya yi fushi ƙwarai, har a bugun 1916 ya ƙara dogon bayani a bayan littafin inda ya nuna cewa Eliza Freddy ta aura, saurayin nan ɗan gidan mutunci marar abin hannu, suka buɗe kantin furanni da taimakon Pickering. Haka kuma ya ƙi yarda a mayar da wasan mai waƙoƙi muddin yana da rai, domin bai ji daɗin abin da aka yi wa wani wasansa, Arms and the Man, ba lokacin da aka mayar da shi wasan waƙa a 1908.

Amma ya yarda aka yi fim marar waƙa a 1938, wanda Gabriel Pascal ya shirya, Leslie Howard da Wendy Hiller suka fito a ciki. Wannan fim yana da muhimmanci ga nazarinmu, domin a cikinsa aka nuna darussan furuci, aka ƙara liyafar ofishin jakada tare da wani tsohon ɗalibin Higgins mutumin Hangare mai ƙoƙarin tona asirin Eliza, aka kuma dawo da Eliza gidan Higgins a ƙarshe. Bayan mutuwar Shaw, Alan Jay Lerner ya rubuta labari da waƙoƙi, Frederick Loewe ya tsara kiɗa, aka buɗe My Fair Lady a dandamalin Niyu Yok ranar 15 ga Maris 1956, tare da Rex Harrison da Julie Andrews. An nuna shi sau 2,717 a jere. Daga nan Jack L. Warner ya sayi izinin yin fim a kan dala miliyan biyar da rabi, George Cukor ya ba da umarni, fim ɗin ya fito a 1964 ya ci lambar yabo ta Oska guda takwas.

Wannan tarihi yana nuna mana cewa fim ɗin 1964 jika ne ga wasan Shaw, ko ma tattaɓa-kunne. Tsarin labarinsa ya fi kusa da fim ɗin 1938, waƙoƙinsa kuwa na dandamalin 1956 ne. Wanda ya kwatanta shi da wasan 1914 kai tsaye ba tare da la'akari da waɗannan matakai ba, zai ɗora wa Cukor alhakin abin da ya gada.

4.0 Aikin Waƙa a Cikin Fim ɗin

Waƙa a irin wannan fim tana da wata ɗabi'a da ya kamata mu fahimta. Idan ɗan wasa ya buɗe baki ya fara rerawa, mai kallo yakan ɗauka cewa zuciyarsa ce ke magana, ba ya neman hujja, ba ya kuma jiran wani ya musa. Muhawara tana sa mai kallo ya zama alƙali tsakanin mutum biyu, waƙa kuwa tana janyo shi ya koma ɓangaren mai rerawa. Za mu duba yadda wannan ya shafi taurari uku.

4.1 Higgins

A wasan Shaw, Higgins mutum ne mai basira amma marar ladabi, wanda mahaifiyarsa kanta ba ta son ya zo gidanta ranar da take da baƙi. Lerner da Loewe sun fuskanci matsala a kansa, domin mutumin da ba ya bayyana abin da ke zuciyarsa ba shi da dalilin yin waƙa. Mafitar da suka samu tana cikin abubuwan da suka fi burge mu. Harrison ba mawaƙi ba ne, saboda haka aka tsara masa waƙoƙin da zai riƙa faɗa bisa amon kiɗa, tsakanin magana da rerawa. Ta haka waƙoƙinsa suka zama ci gaban surutunsa, ko yana zagin Ingilishi saboda ba su koya wa 'ya'yansu harshensu, ko yana ƙorafi a kan halin mata. Salon Shaw bai ɓace ba a nan.

Illar ita ce, kiɗa ya sa rashin kunyar Higgins ta yi daɗin ji. Abin da zai sa mai kallon dandamali ya ɗaure fuska, a fim sai ya sa shi kaɗa kai yana murmushi. Daɗin daɗawa, waƙarsa ta ƙarshe, inda ya yarda cewa ya saba da ganin Eliza da jin muryarta, ta ɗauki wata gajeriyar magana da Shaw ya sa a bakinsa a kashi na biyar ta faɗaɗa ta har ta zama ikirarin so. A wurin Shaw, sabo hujja ce a kan Higgins, domin mutum yakan saba da kujerarsa ma. Da aka yi wa maganar kiɗa mai taushi sai ta koma hujja a gare shi.

4.2 Eliza

Waƙar Eliza ta farko, inda take mafarkin ɗaki mai ɗumi da wurin hutawa, ta yi wa wasan hidima sosai, domin ta nuna mana iyakar burin talaka kafin Higgins ya shigo rayuwarta. Haka nan waƙar fushin da take yi a ɓoye tana tsara irin ramuwar da za ta yi wa malaminta. Amma wurin da jigo ya karkata shi ne daren da ta fara furta wasulan Ingilishi daidai. Higgins ya kama ta suka taka rawa don murna, bayan ya tafi barci ita kuwa ta kasa, ta rera waƙar da ke nuna cewa rawar nan ta taɓa mata zuciya. Babu wannan a wasan 1914. Daga wannan lokaci, mai kallo yana fassara duk abin da ya biyo baya da harshen soyayya. Idan Eliza ta jefi Higgins da silifas ɗinsa a daren nasara, a wurin Shaw fushi ne na ma'aikaciyar da aka ci moriyarta aka yada kwaurenta. A fim sai ya zama fushin masoyiyar da ba a kula ta ba. Kalmomin ba su sauya ba, amma waƙar da ta gabace su ta riga ta sauya musu launi.

4.3 Alfred Doolittle

Mahaifin Eliza, mai kwasar shara, shi ne bakin da Shaw ya yi amfani da shi wajen yi wa masu hali ba'a. Ya zo gidan Higgins ya nemi fam biyar a kan 'yarsa, ya kuma kare kansa da cewa ɗabi'ar kirki kaya ce mai tsada da talaka ba ya iya saye. Daga baya wani attajirin Amurka ya bar masa gadon fam 3,000 a shekara, sai ga shi yana kuka cewa an raba shi da 'yancinsa, dangi sun yi masa ca, dole ma ya yi aure. Stanley Holloway ya fito da shi da kyau, an kuma ba shi waƙoƙi biyu masu armashi cikin salon gidajen shaƙatawa na talakawan Ingila. Sai dai a wasan, Doolittle yana zuwa har gidan mahaifiyar Higgins ya tsare Higgins ido da ido ya zarge shi. A fim an mayar da kukan nasa bakin mashaya, aka rufe shi da rawa da ɗaukar ango a kafaɗa. Mai kallo zai tuna da mashayi mai fara'a, da wuya ya tuna da masanin falsafar da ya kunyata masu ilimi biyu.

5.0 Abin da Majigi ya Buɗe

Majigi ba ya son zama a ɗaki ɗaya, kuma fim mai tsawon kusan awa uku da aka kashe masa kuɗi masu yawa dole ya ba ido abinci. A wurare biyu wannan ya amfani labarin. Na farko shi ne darussan furuci. Muna ganin na'urorin ɗaukar murya, da harshen wuta mai motsi idan an furta sautin da ke fita da iska, da duwatsun wasa da ake cusa wa Eliza a baki, da gajiyar dare. An nemi shawarar masanin furuci Peter Ladefoged wajen shirya ɗakin binciken Higgins, mutumin da ya yi aiki a Nijeriya ya kuma wallafa littafi a kan sautukan harsunan Afirka ta Yamma a wannan shekara ta 1964. Waɗannan fitowa sun tabbatar wa mai kallo cewa nasarar guminta ce, saboda haka rashin godiyar Higgins ya fi ciwo.

Na biyu, kuma a ganinmu shi ne mafi kyawun ƙari a duk fim ɗin, shi ne komawar Eliza kasuwar Covent Garden da asuba bayan ta bar gidan Higgins. Ta tsaya cikin tsofaffin abokan tallarta suna jin ɗumin wuta, ba wanda ya gane ta, sai ma girmama ta suke yi kamar baƙuwa. Abin da Shaw ya faɗa da dogon zance, majigi ya nuna shi cikin 'yan mintoci, watau yarinya ta bar gida ba ta kuma isa masauki ba.

A wani wurin kuwa buɗewar ta jawo asara. A wasan, gwajin Eliza na farko a falon mahaifiyar Higgins aka yi shi, cikin mutane kaɗan. Da furuci mai tsabta ta ba da labarin mutuwar gwaggonta da zargin cewa kashe ta aka yi, ta kuma rufe da kalmar ashar da ta girgiza Landan a 1914. Abin lura shi ne Clara, 'yar'uwar Freddy, ta ɗauka wannan shi ne sabon yayi, ta kwaikwayi asharin tana murna. Da wannan Shaw ya nuna cewa 'ya'yan manya ma kwaikwayo suke yi, matsayi duk shiga ce. Fim ya cire Clara ɗungum, ya kai fitowar filin sukuwar dawaki na Ascot, inda Cecil Beaton ya tufatar da jama'a cikin baƙi da fari. Fitowar ta yi kyau ƙwarai, tana kuma yi wa manya ba'a a kan sandarewarsu. Amma ido ya shagala da huluna da riguna, har fim ɗin ya faɗa cikin sha'awar abin da ya fito yi wa dariya. An kuma taƙaita gargaɗin mahaifiyar Higgins, wadda a wasan ta faɗa ƙarara cewa koya wa yarinya halayen manyan mata ba tare da kuɗin manyan mata ba cuta ce.

6.0 Batun Murya

Warner ya ƙi ɗaukar Julie Andrews saboda a lokacin ba ta yi suna a fim ba, ya ɗauki Audrey Hepburn. Sai dai yawancin waƙoƙin da muke ji daga bakin Hepburn, Marni Nixon ce ta rera su aka ɗora, ba a kuma rubuta sunanta a jikin fim ɗin ba. Harrison kuwa an bar shi ya yi nasa kai tsaye a gaban na'ura, da ƙaramin makirufo da aka ɓoye masa a jikin tufafi. Wannan al'ada ce ta Holiwud a wancan zamani, amma a wannan fim tana da nauyi na daban. Labari ne na macen da maza suka cire wa muryarta suka sa mata wata, ga shi kuma an yi wa mai fitowa a matsayinta daidai wannan. Sakamakon yana bayyana ga kunne. Muryar Higgins ɗaya ce ko yana magana ko yana waƙa, ta Eliza kuwa tana rabuwa biyu a daidai lokacin da ake son mu ji zuciyarta. Bugu da ƙari, Hepburn ta fi gamsar da mu a rabi na biyu fiye da na farko. Tun tana cikin tsumma ana hango 'yar sarauta, sai labarin ya zama kamar an wanke zinariyar da ta faɗa taɓo. Wannan ya saɓa wa Shaw, domin shi cewa yake yi kowace mai talla za ta iya hawa wannan matsayi in ta sami wata shida da malami.

7.0 Ƙarshen Labari

A wasan 1914, bayan muhawarar kashi na biyar, inda Eliza ta bayyana cewa daga girmamawar Pickering ta koyi mutunta kanta, ta kuma yi barazanar koyar da furuci da kanta, sai ta tafi ɗaurin auren mahaifinta. Higgins ya bi ta da saƙon cefane, ta ƙi karɓa. Mutum-mutumin ya sami rai, alamar ransa kuwa ita ce ya bar masassaƙin. Fim ya riƙe wannan muhawara, har ya ƙara mata waƙar da Eliza ke nuna duniya za ta ci gaba ba tare da Higgins ba. Sa'an nan ya ƙara fitowa ɗaya. Higgins ya koma gida ya kunna faifan muryarta yana saurare, sai ga ta ta shigo, shi kuwa ya zame cikin kujera ya tambaye ta inda silifas ɗinsa suke.

Lerner bai ɓoye ba, ya rubuta cewa shi bai tabbata Shaw ya yi daidai ba a kan makomar Eliza. Wasu masu nazari suna kare shi da cewa babu runguma babu alkawarin aure a fitowar, saboda haka ƙofa a buɗe take. Ba mu gamsu da wannan ba. Silifas ɗin nan su ne ta jefe shi da su, su ne alamar bautar da ta ƙi. Rufe fim da su, cikin kiɗan waƙar rawar nan tata, yana gaya wa mai kallo cewa ta dawo kan sharuɗɗansa. Tambayar abin da za ta ci da inda za ta tsaya da ƙafarta ba a amsa ta ba, an dai lulluɓe ta da kiɗa. Muna kuma ganin laifin bai tsaya ga minti biyun ƙarshe ba. Tun daren rawa aka ci bashin soyayya, dole kuwa a biya shi kafin a kunna fitila.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa My Fair Lady aiki ne na gwanaye, wanda a wasu wurare ya ƙara wa Pygmalion ƙarfi, musamman a darussan furuci da komawar Eliza kasuwa da salon waƙar Higgins. Mun kuma ga cewa riƙe kalmomin mawallafi bai isa ya riƙe jigonsa ba, domin inda aka ajiye waƙa, da wanda aka ba ta, da abin da aka cire domin a sama mata wuri, su ke gaya wa mai kallo ɓangaren da zai bi. Tun da finafinan Hausa na bidiyo da suka bunƙasa a Kano daga 1990 sun rungumi waƙa da rawa, kuma muna da wasannin raha irin su Jatau Na Kyallu da Uwar Gulma da Tabarmar Kunya waɗanda ƙarfinsu ke cikin zance da sukar halayen jama'a, wannan misali ya shafe mu. Duk wanda zai ɗauki ɗaya daga cikinsu zuwa majigi, ya kamata kafin ya sa kowace waƙa ya tambayi kansa wa za ta wanke a idon mai kallo, kuma ko mawallafin ya yi nufin a wanke shi.